Abin da Ke Ƙona Amfilifaya a Masallatai da Wuraren Taro

Ana tsakiyar tarawihi a wani masallacin unguwa a Badariya, muryar liman ta fara kakkaryewa a lasifika, ta koma kamar ana yaga tsohon ƙyalle. Kafin a kai ruku'u sai ɗif. Da aka sallame, ladan ya buɗe akwatin katakon da ake kulle kayan sauti a ciki, warin ƙonanniyar roba ya buso mana. Bayan amfilifayar ya yi zafin da hannu ba ya iya zama a kai. Ita ce ta uku da masallacin ya saya cikin shekara biyu, kuma duk da kuɗin karo-karon jama'a.

Washegari da hantsi aka kira wani matashi mai gyaran rediyo. Ma'ajin kwamitin masallaci, dattijo ne mai haƙuri, amma ranar ransa ya ɓaci. Ya ce, "Yaro, gaya muna gaskiya, jabu suka sayar muna?" Yaron bai ko kwance murfin amfilifayar ba. Wayoyin da suka fita zuwa lasifikoki ya cire, ya ɗora musu mita, ya juyo da fuskarta kowa ya gani. Lambar ba ta kai 2 ba. Ya ce, "Baba Alhaji, injin ba shi da laifi. Kaya ne suka yi mishi yawa."

Ga yadda kayan suka taru. Da aka gina masallacin, lasifikar ƙaho biyu aka ɗora a kan rufi, kowace an rubuta mata om 16. Da unguwa ta ƙaru, wani bawan Allah ya ba da sadakar biyu, aka murɗe wayoyinsu a kan na farko. Daga baya aka maƙala sifika biyu na bango, ɗaya a ciki ɗaya a sashen mata, kowace om 8, su ma aka murɗa a wuri guda. Kowa da kyakkyawar niyya ya kawo tasa. Ba a samu wanda ya zauna ya yi lissafi ba, alhali lissafin bai fi na awon hatsi wuya ba.

Duk wanda ya taɓa tayar da injin ban-ruwa a fadamar Rima ya riga ya san rabin wannan ilimi. Inji yana tura ruwa da wani ƙarfi, ruwan kuma yana bi ta tiyo. Idan tiyon siriri ne, ruwa kaɗan ke wucewa. Idan mai faɗi ne, ko aka raba bakin injin zuwa tiyo huɗu, ruwa mai yawa zai riƙa fita, injin kuma ya riƙa nishi. A harkar lantarki, ƙarfin turin shi ake aunawa da bolt, yawan abin da ke wucewa shi ne amfiya, matsin hanyar kuma shi ne om. Sunan wani malamin kimiyya ne na Jamus, Georg Ohm, wanda ya fitar da dangantakar abubuwan nan uku a 1827. Inda mutane ke ruɗewa shi ne, ƙaramar lambar om ita ce nauyi mai yawa. Sifika mai om 4 ta fi mai om 8 jan wuta ninki biyu, domin hanyarta ta fi faɗi.

A ɗauki amfilifayar da ke ba da wat 100 a kan om 8. Idan ta ƙure, tana tura kusan bolt 28, wutar da ke fita daga cikinta kuma amfiya 3 da rabi ce. A sauke nauyin zuwa om 4, za a nemi ta ba da amfiya 7. A kai shi om 2, ana neman amfiya 14 ke nan daga na'urar da aka ƙera don uku da rabi. Duk wannan wuta ta cikin wasu 'yan ƙananan taransista take bi, waɗanda ba su fi ƙwayar dabino ba, suna manne da ƙarfen da ke kwashe musu zafi. Amfilifaya mai kariya za ta kashe kanta ta huta. Marar kariya za ta yi ta ja har taransistocin su narke.

Hanya biyu ake haɗa sifikoki. Wadda kowa ya saba da ita ita ce a tara jajayen wayoyi wuri ɗaya, baƙaƙe wuri ɗaya, abin da masu gyara ke kira faralel. A nan kowace sifika sabuwar ƙofa ce da wuta za ta bi, don haka om raguwa yake yi. Idan duk iri ɗaya ne, a raba lambar ɗaya da yawansu: biyu masu om 8 sun zama 4, huɗu sun zama 2. Hanya ta biyu ita ce siris, wato jerin gwano: wuta ta shiga ta farko, ta fita ta shiga ta biyu, sannan ta koma. A nan tarawa ake yi, biyu masu om 8 sun zama 16. Ana iya gauraya hanyoyin. Sifika huɗu masu om 8, a jera biyu-biyu a siris, sannan a haɗa layukan biyu a faralel, sai a dawo kan om 8 cif, kuma duk huɗun suna magana.

A masallacin namu, ƙahoni huɗu masu om 16 sun ba da om 4. Sifikokin bango biyu su ma sun ba da 4. Da suka haɗu, om 2 ke nan, kuma duk an ɗaure su a kan kusar da aka rubuta wa 8. Nauyi huɗu aka ɗora inda aka tanadi ɗaya. Ko sau goma za a sayi sabuwa, labarin ba zai canza ba.

Wanda zai auna da kansa ya sani cewa mita ba ta nuna lambar da ke jikin sifika daidai. Sifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7, mai om 4 kuma kusan 3, kuma wannan lafiya ce. A tabbata an cire wayar daga amfilifaya kafin a auna. Haka kuma duk sifikar da aka kai aka sake naɗa mata koyil, a auna ta kafin a mayar. Idan mai naɗin ya yi amfani da waya mai kauri fiye da ta asali, ko ya rage zagaye, takardar da ke bayanta tana nan tana cewa 8 amma cikinta ya koma wani abu dabam.

Ita kanta lambar da kamfani ya rubuta, suna ne kawai na gaba ɗaya. Nauyin sifika yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ke ratsa ta. Yadda take jan wuta a kan amo mai zurfi irin na tambari dabam ne da yadda take ja a kan amo mai kaifi irin na algaita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ce bai kamata ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na abin da aka rubuta ba, wato mai om 8 kada ta gaza 6.4, amma ba kowane kamfani ke bin wannan ba. Ƙari a kan haka, sifika ba ta karɓar wuta ta yi shiru kamar dutsen guga. Koyil ɗinta yana kai da komo a cikin maganaɗisu, yana mayar wa amfilifaya da wani sashe na wutar, kamar jakin da ke turjiya ana jan sa. Wannan turjiya tana ƙara wa taransista zafi. Irin waɗannan su ake kira sifikoki masu wuyar ja. A Amurka, cikin shekarun 1980, kamfanin Apogee ya ƙera wata mai suna Scintilla wadda nauyinta om 1 ne kacal, kuma amfilifayoyi kaɗan ne a lokacin suke iya riƙe ta, irin na kamfanin Krell. A wajenmu da wuya ka ga sifika ɗaya mai wannan hali. Mu da hannunmu muke ƙera ta, ta hanyar murɗa waya a kan waya.

Sai maganar wat, wadda ita ce kaɗai yawancin masu saye ke tambaya a kasuwa. Kwali ya ce 5000W da manyan haruffa, kusa da shi an rubuta PMPO da ƙanana. Wannan lamba ba ta da wata ƙa'idar awo da aka yarda da ita, ado ce ta talla. Wadda ake dogara da ita ita ce ta ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba yankewa, wadda aka fi rubuta wa RMS, kuma dole a faɗi a kan om nawa aka auna. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifayoyin gida, saboda irin wannan ƙarin gishiri. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a shago: a juya bayan na'urar, a duba wat nawa take sha daga soket. Wadda ke shan wat 60 ba za ta dawwama tana ba da 5000 ba, domin tulu ba ya zubar da abin da ya fi wanda aka zuba masa.

Idan ana son sanin ko amfilifaya tana da ƙashin ɗaukar nauyi, a duba lambobi biyu a takardarta, abin da take bayarwa a om 8 da abin da take bayarwa a om 4. Mai cikakken ƙarfi tana kusan ninkawa. Wadda ta tashi daga 300 zuwa 480 ko 500 ta yi kyau. Wadda ta tashi daga 300 zuwa 330 taransifomarta ƙarama ce, numfashinta gajere. Wadda ba a ambaci om 4 a jikinta ba sam, kada a kai ta can. A da ana gane mai kyau da nauyinta a hannu, saboda katuwar taransifoma. Yanzu akwai sabbin ƙira da ake kira aji D, marasa nauyi, waɗanda kusan kashi 90 na wutar da suka sha ke isa sifika, don haka ɗagawa a ji nauyi ya daina zama hujja shi kaɗai. Masu kiɗan biki kuma su kula da makunnin da aka rubuta wa BRIDGE. Idan aka haɗe ɓangarori biyu suka zama ɗaya, kowane ɓangare rabin om ɗin yake gani. Sifika mai om 4 a wannan hali om 2 ce a wurinsu.

Akwai lamba ta uku da kusan ba wanda ke dubawa, ni kuwa a ganina ta fi wat muhimmanci. Ita ce yawan ƙarar da sifika ke fitarwa idan aka ba ta wat 1, aka auna daga nisan mita 1, ana rubuta ta da dB, wato desibel. Sifikar falo takan ba da 85 zuwa 90. Manyan akwatunan taro, 95 zuwa 100. Ƙaho yakan wuce 105. Ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wat sau biyu, ƙarin 10 kuma sau goma. Ke nan akwati mai 98 da aka ba wat 50 zai yi ƙara daidai da mai 88 da aka ba wat 500. Shi ya sa kiran sallar asuba daga ƙaho mai wat 30 ke ratsa unguwa sukutum, alhali kayan kiɗan falo masu ɗaruruwan wat ba sa wuce maƙwabta. Shi ƙaho kuma murya aka yi shi dominta. Fatar da ke cikinsa siririya ce, idan aka tura masa amon ganga mai zurfi yagewa take yi, don haka a rage makunnin bes idan ƙahoni ne a layi.

A fili kuwa nisa ne ke cinye sauti. Duk ninkin nisa yana zubar da desibel 6. A ɗauki bakin kogin Matan Fada a Argungu ranar kamun kifi, bikin da ake yi tun 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba bango, ba rufi, ga dubban mutane da kiɗa da hayaniya. Akwatin da ke ba da desibel 120 a mita 1 zai koma 102 a mita 8, ya koma 84 a mita 64. Don a mayar da desibel 6 kacal sai an ninka wat sau huɗu, na kusa kuma kunnuwansu su sha wahala. Abin da ke aiki a irin wannan wuri, ko a filin idi, ko wajen wa'azi, shi ne a ɗaga sifikoki sama da kawunan jama'a, a rarraba su tsawon filin, kowace ta ɗauki yankinta.

Mutane da yawa suna zaton ƙaramar amfilifaya ba za ta iya ƙona babbar sifika ba. Tana iyawa. Idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, takan datse kan sautin, abin da ke sa murya ta yi kaushi. Wannan datsattsen sauti cike yake da amo mai kaifi da zafi, kuma 'yar ƙaramar sifikar sama, tuwita, ita ke fara mutuwa. Jar fitilar da aka rubuta wa CLIP gargaɗin ke nan. Ƙiftawa jefi-jefi ba komai, amma idan ta tsaya ja, a rage nan take. Masu sana'ar sauti sukan zaɓi amfilifayar da ta fi ƙarfin sifika da rabi ko ninki ɗaya, don ta samu sarari, muddin akwai mai lura a kanta. A masallaci, inda hannu da yawa ke taɓa makunni, gara ƙarfinsu ya zo kusan daidai, a kuma yi wa makunnin alama da fenti a inda ba a so a wuce.

Waya ma tana da nata om, kuma nan ne ake asarar da ba a gani. Siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 0.5, idan aka ja ta mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, tana da kusan om 3 da rabi. A ɗaura mata nauyin om 4 a ƙarshe, kusan rabin ƙarfin amfilifaya a cikin wayar zai ƙare. Mai murabba'in milimita 2.5 a wannan tsawo ba ta wuce om 0.7 ba. A kuma kankare bakin waya a duba kafin a biya, domin akwai alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan cikinta fari ne, ba ta kai ta gaske ɗaukar wuta ba.

Maganin da ya dace da masallaci, makaranta, tasha ko kasuwa yana nan a bayan yawancin amfilifayoyin da muke saye, irin na Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan. Kusa da kusoshin da aka rubuta wa COM da 4 da 8 da 16, akwai wasu da aka rubuta wa 70V da 100V. Dabarar ita ce wadda ake kawo wuta da ita daga madatsar Kainji zuwa Birnin Kebbi a kan bolt 330,000: a ɗaga bolt, amfiya ta ragu, waya ta daina cin ƙarfi, sannan a sauke da taransifoma a inda za a yi amfani. A layin 100V, kowace lasifika tana da 'yar taransifomarta mai wurare da aka rubuta wa wat 5, 10, 20 da sauransu. An huta da lissafin om. Tara wat kawai ake yi, a tabbata jimlar ba ta wuce kusan kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin amfilifaya ba. Wayar nan da ta cinye rabi ɗazu, a wannan layi kusan kashi 3 cikin ɗari za ta ci idan nauyin wat 90 ne. Sharaɗi biyu ne: kada a ɗaura sifika marar taransifoma a kusar 100V, kada kuma a yi amfani da kusoshin om da na 100V lokaci guda. Layin yana iya jan mutum, don haka a naɗe mahaɗai da kyau, a ɗaga su inda yara ba sa kaiwa.

Sauran abin da ke kashe na'urorin nan ƙasarmu ce da yanayinta. Wutar da ya kamata ta zo a bolt 230, idan ta faɗo 180, amfilifaya mai tsohuwar ƙira tana rasa kusan kashi 40 na ƙarfinta. Mai kula ya ji murya ta yi ƙasa, ya ƙara murɗawa, ya shiga datsewa bai sani ba. Ƙaramin janareta da ke ɗauke da fankoki goma haka yake yi. Amfilifayoyin da ke karɓar batir mai bolt 12 ko 24 sun fi kwanciyar hankali a nan, musamman yanzu da sola ta yawaita. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarfen sanyaya. Akwatin katakon da ake kullewa saboda ɓarayi yana da dalili, amma a huda shi sama da ƙasa, a sa raga, a bar tazarar tafin hannu a bayan na'urar, a kuma busa ƙurar kafin azumi. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don kada bugun makirfo ko miksa ya faɗa kan lasifika.

A masallacin Badariya ba a sayi ta huɗu ba. Yaron nan mai gyaran rediyo ya canza taransistocin da suka ƙone a cikin ta ukun, mai wat 120, ya sa a sayo 'yan taransifoma shida da naɗin waya mai kauri. Ya ɗaure ƙahoni huɗu a wat 20 kowane, na bango biyu a wat 5, jimla 90. Kafin ya ɗaura kowace ta bango sai da ya taɓa wayoyinta da batirin tocila, ya ga fatar ta turo waje, ya ƙulla wa wayar da ke kan batirin alama, don duk su riƙa turi tare. Ladan ya gwada makirfo, wani yaro ya ruga bakin titi ya dawo ya ce ana jin kowane harafi. Daga nan mai gyaran ya yagi takarda ya rubuta lissafin, ya ƙara da cewa saura wat 6, ya manna a cikin murfin akwatin. Bayan sallah, da aka tashi ƙara sifika a wurin alwala, takardar aka fara dubawa, aka ɗaure ta a wat 5.